Kawu Nomau a Filin Lilo

A ƙauyen Tsamiyar Doka an yi wani Nomau, ƙaton saurayi kamar bijimin huɗa. Duk abin da aka ce ya yi, haka zai yi shi ba ƙari ba ragi, ya dawo yana jiran yabo. Yayarsa Ladidi ta ɗauko shi zuwa sabuwar unguwar da suka tare a bayan gari, don ya riƙa kai 'ya'yanta, Walida da Nafi'u, filin wasa. Nomau ya ga famfo, ya ga fanka, ga yara suna kiransa Kawu, zama ya yi masa daɗi. Amma mijin Ladidi, Malam Sabi'u, tun ranar farko ya ce in yaron nan ya jawo masa magana, motar ƙauye zai sa shi. Ba abin da Nomau ke tsoro a duniya kamar wannan mota.

Wata rana Ladidi ta ce, "Ka riƙe hannunsu, kada ka saki."

"An gama, Yaya."

Da suka isa, Nafi'u ya ce zamiya zai hau. Nomau ya taka tsani, yaro a dama, yarinya a hagu, ya zauna a inda aka yi don mazaunan yara. Ya sulale zuwa tsakiya ya maƙale, yaran suna reto a gefe da gefe. Sai da maigadin filin ya ja shi ta ƙafa, wando ya tsage har gwiwa. Haka ya shigo gida da faɗin rai, ya ce, "Yaya, karɓi hannuwansu. Tun la'asar nake son sosa hancina."

Wata rana kuma ta sa musu sababbin kaya, ta ce, "Kada su taɓa ƙasa da kayan nan." Nomau ya saɓa ɗaya a kowace kafaɗa, ya yi ta zaga filin yana nuna musu yadda 'ya'yan mutane ke wasa. "Ku kalli wancan, ya iya lilo." Yaran suka yi kuka har muryarsu ta dushe, matan unguwa suka bi shi da ido suna salati. Kafin magariba labari ya riga su isa gida. Malam Sabi'u ya ce wa Ladidi ta fara haɗa wa Nomau kayansa. Ta yi ta ba shi haƙuri, da ƙyar ya yarda a ƙara gwada shi sau ɗaya.

Wata rana, bayan damina ta ɗauke, Malam Sabi'u da kansa ya tsare shi a ƙofar gida. "Bar su su yi wasa. Amma kada yaro ya hau komai sai ka fara gwadawa da kanka. Ka ji?"

"Na ji, Malam."

Ai kuwa tunda yaro aka ce, Nomau ya tara duk yaran filin, nasa da na mutane, ya jera su layi. Ya fara da ramin siminti inda samari ke gudu a kan katako mai taya. Ya karɓi na wani, ya taka da ƙafa biyu, katakon ya ɗauke shi, bai tsaya ba sai cikin kular mai zoɓo. Ya miƙe jajir, ya ce, "Wannan yana aiki." Daga nan ya nufi babban lilo. Walida ce ta farko a layi, tana ta roƙo, "Kawu, ni dai ka bar ni." Ya ce sam. Ya zauna ya tura ƙasa da ƙafa. Yana yin sama, ƙarfen da ke riƙe da sarƙoƙin ya ɓalle, ya faɗo daidai inda yara ke zama, ya daki kafaɗar Nomau.

Maigadi ya kira Malam Sabi'u a waya. Ya iso a fusace, ya riga ya yanke cewa gobe sai tasha. Ya sunkuya zai ɗaga ƙarfen, bakin ƙarfen ya rugurguje a hannunsa, ashe tsatsa ta cinye shi ta ciki, fenti ne kawai a waje. Ya dubi ƙarfen, ya dubi Walida, wadda duka kanta bai kai kaurinsa ba. Da ita ce a kan lilon, da a kanta zai faɗo.

Nomau na zaune a ƙasa riƙe da kafaɗa. "Malam, wannan bai yi ba. Saura wancan ƙaramin."

Malam Sabi'u ya tsuguna a gabansa. "Tashi mu je a duba ka. Kai da komawa ƙauye kuma har abada."

Nomau ya washe baki, can kuma fuskarsa ta canza, idonsa ya kawo ruwa.

"Ko da Sallah, Malam? Inna fa tana ajiye mini ƙafar rago."