Kiltin Lachie Ya Bi Mai Shi

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni Ishbel Matheson, matar marigayi Lachie Matheson mai tumaki na nan bayan Lairg, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa cin kasuwar raguna tare da mu, rasuwar kiltin mijina. Ya cika a birnin Inverness, cikin kabad, babu kowa a kansa. Ba mu san ranar ba. Gawarsa kawai muka tarar.

Wanda bai san marigayin da suna ba ya san shi da ido. Shi ne zanen ulun nan mai ratsin kore da shuɗi da Lachie yake ɗaurawa a ƙugu ya tsaya masa a gwiwa, wanda masu yawon buɗe ido suke kira siket in sun tabbata mai shi ya yi nisa.

An haife shi a hannun wata tsohuwar tela a garin Tain, shekarar da aka yi bikinmu. Yadi takwas ne, ɗinkin hannu, kowane ninki na bayansa a miƙe kamar an ja da zare. Don rana ɗaya aka ɗinka shi, yadda kowa yake yi. Washegarin biki Lachie ya tashi zai kai wa tumaki ciyawa, ya tarar wandonsa bai bushe ba, sai ya ɗaura kiltin ya fita. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, iska tana kaɗa shi, ya ce, "Ke Ishbel, ashe duk shekarun nan a ɗaure nake ban sani ba." Daga ranar bai ƙara sa ƙafa cikin wando ba, shekara arba'in da ɗoriya.

Marigayin ya yi rayuwa ta aiki. Ya hau tarakta, ya tsallake waya mai ƙaya, ya durƙusa cikin taɓo lokacin haihuwar tumaki. Jariran raguna da yawa da sanyi ya kusa kashewa a gabansa aka naɗe su aka kawo su bakin murhu, wasunsu yau kakanni ne. Ya sha ruwan sama, ya sha maganin wankan tumaki, ya sha shayi, wani lokaci har wiski yakan sha ba da niyya ba. Bai taɓa zaɓen wuri ba. Da shi ake zuwa coci ranar Lahadi, da shi ake zuwa kwasar taki ranar Litinin, bambancin kawai burushi da nake bi masa da shi tsakani. Wanka kuwa ba ya so, kuma ba mu tilasta masa ba. In ya yi nauyi sai in rataye shi a igiya iskar tudu ta yi masa aiki, in ninkinsa ya kwanta mu shimfiɗa shi ƙarƙashin katifa mu kwana a kansa. Mu uku muka yi zaman auren nan, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ba mai yawan magana ba ne. Muryarsa biyu na sani. Akwai fas, fas, fas da yake yi a bayan gwiwar Lachie in yana hawowa daga rafi, tun kafin in ga mutum na san lokacin ɗora ruwan shayi ya yi. Akwai kuma ƙyas ɗin ƙarfen maɗaurinsa in an ajiye shi a kan kujera, wato aikin yau ya ƙare.

Ya sha tsiya a hannun mutanen garin nan, ya haƙura. Hector maƙwabcinmu bai taɓa ganinsa a bakin shago ya yi shiru ba. "Lachie, yau kuma bikin wa ake yi?" Lachie ya ce, "Na tunkiyarka da ragona, kai ne uban amarya, je ka yi wanka." Shi Hector ɗin da ire-irensa in biki ya zo sai su tafi shagon haya su karɓo nasu cikin jaka mai zif, da farar safa da 'yar wuƙar roba ta ado da ake sokewa a cikin safar, su yi ta tafiya kamar an ɗaura musu labule. Ko zama ba su iya ba, sai su murƙushe ninkin a ƙarƙashinsu. Litinin da safe su mayar, su koma wandonsu, su ce ai kayan gado ne, ba a wasa da shi. Baƙi kuma kullum tambayarsu ɗaya, me ke ƙarƙashi. Lachie yakan ce su tambayi Ishbel. Har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayata.

Abu ɗaya Lachie ya roƙa a duniya, ya faɗa a gaban murhu, ya faɗa a gadon asibiti: in ya mutu a sa shi cikin kiltinsa. Ya ce ba zai tsaya gaban Mahaliccinsa cikin kayan da ko tumakinsa ba za su gane shi ba.

Da kakar bara Lachie ya riga mu gidan gaskiya. Na fito da kiltin, na goge shi, na ajiye a kan gado. Sai ɗanmu Innes ya iso daga Inverness, inda yake aikin ofis. Ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya dubi facin da na yi masa a gefen hagu, ya dubi tabon maganin tumaki.

Ya ce, "Haba Mama, a haka za a zo ganin Baba? Mutane za su ce mun kasa."

Na ce, "Ɗan nan, a haka suka saba ganinsa."

Ya ce, "Kuma wannan ai abin tarihi ne, ba na binnewa ba. Calum zai yi aure da bazara, ya sa na kakansa. Ki bari in adana shi yadda ya kamata."

Calum jikana ne, ɗan Innes, kuma Lachie yana ji da shi. Kafin in share ido in sami bakin magana, mai shirya gawa ya riga ya karɓi baƙar kwat da wando daga hannun Innes. Haka aka rufe mijina, ƙafafunsa a ɗaure, kowa yana cewa ya yi kyau kamar ma'aikacin banki.

Daga nan ciwon ajalin marigayin ya fara, kuma sunan ciwon girmamawa. Innes ya ɗauke shi da hannu biyu, ya sa shi cikin jaka mai zif irin ta shagon haya, don a saninsa nan ne gidan kilti. Ya rataye shi a kabad, a ɗaki mai ɗumi wanda ba a buɗe tagarsa. Ya hana yara taɓawa. Abin da bai taɓa kwana biyu a jere ba tare da iska ta buge shi ba, ya shafe hunturu guda cikin duhu, da maiƙon ulun tumaki da gumin Lachie a jikinsa. Kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san asu ba ya cin tufar da ke yawo, sai wadda aka ajiye. Ba a tambayi tsohuwa ba.

Ana saura kwanaki biki aka kira ni in zo a gwada wa ango. Muka taru a falo, matar Innes ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Aka ja zif. Wasu 'yan fararen ƙwari suka tashi, sun yi ƙiba. Innes ya ɗaga kiltin sama, sai na hango fuskar ɗana ta cikinsa, ta wuri fiye da goma. Ninkin baya ya zube a kan kafet kamar gari. Facina kaɗai suka bari, da alama bai yi musu daɗi ba. Waya mai ƙaya ta yi shekara arba'in tana nemansa ba ta samu ba, daraja ta gama da shi a wata tara. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Innes ya zauna a ƙasa ya ce, "Mama, wallahi adana shi na yi." Na ce na sani, ɗan nan, na ga adanar. Calum ya yi aurensa cikin na haya, ya yi kyau, an mayar ranar Litinin.

Marigayin ya rasu ya bar maɗaurin fata biyu, da babban fil ɗinsa wanda ya lanƙwashe tun shekarar da rago ya tunkuyi Lachie, da 'yar jakar da ake ratayawa a gabansa wadda har yanzu akwai igiyar ɗaurin ciyawa da rabin alewar tari a ciki. Ya bar safa ƙafa uku. Ya bar karya, Fly, wadda take kwana a ƙarƙashin kujerar da ake ajiye shi. Ya bar ni. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙurin rashi, in tamu ta zo ya sa kada a adana mu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an gama ba dabbobi abinci, a maƙabartar coci, a kabarin Lachie. Za a ɗaga ciyawar daidai ƙugunsa a shimfiɗa abin da ya rage, ninki a baya, fil a dama, a mayar da ƙasa. Fasto ya ce babu addu'ar tufa a littafinsa, amma zai zo ya tsaya, kuma zai riƙa kallon tudu har a gama. Hector ya yi alkawarin kawo shebur. Innes ne zai yi haƙa, shi ya roƙa da bakinsa.

Mai kilti ya zo da shi in nasa ne kuma ya taɓa ganin taɓo. Ba a karɓar na haya, ba a karɓar furanni. Akwai miyar sha'ir da shayi a gida bayan an tashi. Ko ana ruwa za a yi, marigayin ya saba.

Don Allah ku zo da wuri. Mutumin nan ya daɗe cikin wando.