Amanar Baƙin Mai

Wani ne Allah ya haɗa shi da suruki mai raina mutane. Tun da ya auri autar gidan, tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mijin Auta". In an taru a gidan, sauran surukai a ba su kujera, shi kuwa a ce ya leƙa ko ruwan wanke hannu ya ƙare. Abin nan yana ci masa rai ƙwarai. Ba abin da yake so a duniya irin ranar da tsohon zai dube shi ya ce masa madalla, ko da sau ɗaya ne.

To shi tsohon yana da wata mota da yake ji da ita kamar ƙwai. Kai, ba motar ma ya fi ji da ita ba, man da ke cikin injin ne. Babban ɗansa ne ya aiko masa da galan guda daga waje, irin wanda ake ce wa sintetik. In baƙo ya zo gidan, kafin a ba shi ruwan sha sai an buɗe masa bonet, an zaro geji, wato tsinken duba mai, ya ga mai garai-garai kamar zuma, ya yaba, sannan a tambaye shi mutanen gida.

Rannan sai tafiya ta kama tsohon, zai je wani gari a yi masa aikin ido, kuma zai daɗe. Mota ba ta son zama wuri ɗaya. Sauran surukan kowa ya zame, Auta kuwa ta yi ta roƙo har tsohon ya sa aka kira mijinta.

"Mijin Auta."

"Na'am, Baba."

"Ka iya tuƙi, ko dai turi ka iya?"

"Na iya, Baba."

"Ungo makulli. Ka riƙa zagayawa da ita kada batir ya kwanta." Ya zaro geji ya kai masa har hanci. "Amma ka ga man nan? Yadda na bar shi haka nake so in tarar da shi. Ba irin ruwan kwatar da kuke ɗura wa motocinku ba ne."

Mutumin ko keke ba shi da shi, amma ya ce, "Haka ne, Baba."

"Kuma ka tuna, da sabon ido zan dawo."

Shi ke nan, gogan ya fara zuwa aiki a mota, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a taga. Amma fa hankalinsa ba a kwance yake ba. In ya tashi da safe sai ya duba geji. In ya isa ofis ya duba. Har a kan hanya, in cunkoso ya tsare shi, sai ya fito ya ɗaga bonet, na baya suna ta danna masa ham. Ana nan, ana nan, rannan ya zaro geji ya goga a farin hankici, sai ya ga abin nan ya tashi daga zuma ya koma shayi. Nan take ya rufe bonet ya faɗa mota.

Bai zame ko'ina ba sai gareji. Ya tarar da bakanike kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Sannu da aiki. Motata ce..."

"Juye," in ji ƙafafun.

"Ai ban faɗi matsalar ba."

"Ko mene ne, yallaɓai, juye ne. A zubar da tsohon mai, a zuba sabo, a ɗaura sabon filta. Jiya wani ya zo ƙofarsa ba ta rufuwa, juye muka yi masa."

"A zubar? Rufa min asiri! Man nan daga waje ya zo, mai shi ko a mafarki ya san ƙanshinsa. Ni so nake ka gaya min abin da ya sa yake yin duhu."

Bakanike ya turo kai waje ya dube shi sama da ƙasa. "Yallaɓai, ba dole ya yi duhu ba? Dattin inji yake kwashewa."

"Wato injin ne yake ɓata shi?"

"To da wa?"

Mutumin ya juya ya harari injin, ya girgiza kai. "Munafuki! Ashe ɓarawon a cikin gida yake."

Daga nan ya sayi sifana da mazurari ya nufi gida. Auta tana tsakar gida tana ninke wanki, sai ta ga mijinta ya ɗauki bahon wankan yara ya fita. Ta bi shi. Ta tarar ya shige ƙarƙashin mota da kayan aikinsa na ofis, ya kwance noti, mai yana tsiyaya cikin baho.

"Baban yara, lafiya?"

"Raba su zan yi. Ba zai ƙara kwana da injin nan ba."

"Wa?"

"Man Baba. Miƙo min gyalen nan."

"Wane gyale? Sabon gyalena?"

"Shi ya fi ƙananan ido. Ke ba kya son a ce mijinki ya riƙe amana?"

Haka aka tace mai da gyalen Auta, tana tsaye tana salati. Ya ɗauko ainihin galan ɗin da man ya zo a ciki, wanda tsohon yake ajiyewa a but ɗin motar saboda nuna wa mutane, ya ɗura, ya toshe. Ya kwance filta ya wanke shi tas da sabulu, ya shanya a igiya tsakanin wandunan yara. Galan kuwa aka kai shi uwar ɗaka, aka ɗora a kan durowa, aka juya masa fanka.

"Mu fa?" in ji Auta. "Zafi ake yi."

"Ku ai kun saba. Shi daga ƙasar sanyi ya zo."

Wannan ya zama aikinsa. Da yamma ya juye, da safe ya mayar. Kullum sai ya makara a ofis, ya shigo yana warin gareji, duk takardar da ya taɓa sai ta fito da hoton yatsunsa. Yaransa suka koma wanka a bokiti. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga filta a igiya, ta tambayi Auta ko wani sabon abin dafa shayi ne aka fito da shi. Duk da wannan wahala, man bai fasa yin duhu ba, don ai da rana yana tare da injin. Mutumin ya rame, ya daina cin abinci sosai.

Ran nan a ofis, lokacin hutun rana, ya kasa daurewa ya faɗa wa abokan aikinsa damuwarsa. Kun dai san mutanenmu, a kawo maganar mota kowa injiniya ne.

Akawu ya ce, "Ni duk wata nake juye, ko na hau ko ban hau ba."

Mai kula da sito ya ce, "Asara! Sintetik sai ya yi kilomita dubu goma ko gezau."

Wani dattijo a gefe ya ce, "Yaran zamani ke nan. Ni tun da na sayi tawa ban taɓa juye ba, ƙari kawai nake yi."

"Ina motar take yanzu?"

"Tana gida a kan duwatsu, amma ba mai ne ya kwantar da ita ba, hassada ce."

Sai wani da ake kira Na-Sani ya gyara zama. Shi ma ba shi da mota, amma ba bidiyon mota da bai kalla a waya ba. Ya ce, "Duk ba ku san sintetik ba. Shi fa ba mai ba ne kamar mai. In ya taɓa ƙarfe sau ɗaya, ya kama ke nan, kamar fenti. Da idona na ga an juye shi kaf, aka tayar da motar, ta yi ta zagaya fili ba ko ɗigo a cikinta."

Mutumin ya ajiye cokali. "Ba ko ɗigo?"

"Wallahi. Mutane ne kawai ba sa bincike."

Da ya koma gida ya juye mai kamar kullum, ya ɗaure noti, ya shiga ya murɗa makulli. Mota ta tashi. Ya ja ta zuwa bakin layi, ya dawo da baya. Lafiya lau! Ya fito yana dariya shi kaɗai, har da tafi.

"Auta! Ashe duk wahalar banza nake sha. Ba ta ma buƙatarsa, kwaɗayi ne kawai irin na inji!"

Washegari aka bugo waya, tsohon yana hanya, a je tashar jirgin ƙasa a ɗauko shi. Mutumin ya yi wanka, ya sa kayansa mafi kyau. Ya sake tace man, ya goge galan, ya naɗe shi da tawul, ya zaunar da shi a kujerar gaba ya ɗaura masa bel.

Auta ta ce, "Baban yara, ba za ka zuba ba?"

"In zuba ya ƙara baƙi a hanya, ranar da mai shi zai gan shi da sabon ido? Ke dai ki tsaya a abin da kika sani."

Yana tayar da mota wata jar fitila mai kama da buta ta kama a gabansa. Ya dube ta ya ce, "Na sani, ni na cire." Ta ƙi mutuwa. Ya cire hularsa ya kifa mata.

Tashar ba nisa, ya isa lafiya. Ga tsohon nan tsaye da sabon tabarau, yana kallon kowa kamar yau ya fara ganin munin mutane. Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi jaka, ya buɗe masa gidan baya. Tsohon bai ko amsa gaisuwar sosai ba, sai idonsa ya faɗa kan abin da ke zaune a gaba.

"Wannan kuma wane ne?"

"Mai ne, Baba."

Tsohon ya miƙa hannu ya ɗaga tawul, ya buɗe murfi, ya shinshina. Fuskarsa ta saki. "Kai! Irin nawa ne sak. Wato har ka nemo min wani na ajiya?" Ya cire tabarau, ya mayar, ya dubi surukinsa da kyau. "Ashe kana da hankali haka? Madalla, mijin Auta. Madalla."

Wayyo daɗi! Mutumin ji ya yi kamar an yi masa bushara da gidan aljanna, har idonsa ya kawo ruwa. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ce a ransa, a'a, wannan ai somin taɓi ne. Bari sai an je gida, a gaban sauran surukai, sannan ya faɗi ainihin dabarar, kowa ya ji. Ya ba mota wuta, har da ƙara totur don tsohon ya ji lafiyarta.

Ba su yi nisa ba sai wani ƙara ya taso daga gaba, ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ana sara ƙarfe da guduma.

"Mene ne wannan?" in ji tsohon.

"Murna take yi, Baba, ta ji mai ita ya dawo."

Ƙaran ya ƙaru. Wari ya cika motar. Suna kaiwa tsakiyar mararraba, inda motoci suka fi yawa, sai ji kake ƙum! Mota ta yi shiru, hayaƙi ya turnuƙe bonet. Ham ta ko'ina, masu babura suna zagi, masu talla sun taru kallo.

Tsohon ya fito da sauri, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi. Ya naɗe hannu da hankici ya ɗaga bonet, ya zaro geji. A bushe ƙayau. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya kai shi dab da sabon tabarau. Wani direban babbar mota da suka tare wa hanya ya sauko, ya leƙa, ya gwada murɗa makulli, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Inji ya buga. Wannan sai dai a sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe."

Tsohon ya juyo a hankali. "Mijin Auta. Ina man da na bari a cikin injin nan?"

Mutumin ya ga lokacinsa ya yi, tunda ga jama'a ma sun taru. Ya zagaya ya kwance bel, ya rungumo galan, ya yaye tawul, ya ɗaga shi sama yadda rana za ta haska shi, baki har kunne.

"Ga shi, Baba, shi ne wannan! Ai ban bar shi a ciki ba, tun da na gano injin nan ne yake ɓata shi. Ka ga da yana ciki yanzu, da har da shi za a yi asara. Duba ka gani, ko ɗigo bai ƙone ba!"

Tsohon ya dubi hayaƙi, ya dubi galan, ya dubi surukinsa. Sai ya tattare rigarsa ya ce:

"To ajiye shi ƙasa mu hau, ya kai mu gida."