Rasuwar Dorina, tankar da aka kwance wa ƙulli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daga gidan da har yau ƙaurin roba bai bar labulensa ba, iyalan tsohon Safiyo suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Dorina, tankar yaƙinsa ta wasa mai aiki da rimot. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan teburin cin abinci, ana tsaka da yi mata aiki. Shekarunta goma sha huɗu. Tsawonta bai fi kamu ɗaya ba.

Safiyo ya sayo ta a shekarar da ya ajiye aiki, lokacin da ya gane cewa bayan shekara talatin da biyar yana auna filayen mutane, ba shi da inda zai je da safe. Shi yake ɗaukar ta, amma ita take fitar da shi daga gida. Duk Asabar sai ya saɓa jakarta zuwa filin ajiye motoci na bayan wata tsohuwar masaƙa, inda dattawa takwas ke jera tubala da kwalaye su ce gari ne, a yi ta gwabzawa har rana ta take. Yakan dawo da ƙura a gwiwa da labari a baki, ya ci abinci kamar saurayi.

Marigayiyar ba ta da sauri, amma ba a taɓa ganin ta kife ba. In an kunna ta sai ta yi gyaran murya, gur-gur-gurrr, kamar dattijon da zai yi nasiha. In ta juya kai sai ka ji ƙiƙiƙi, sannan tas! ƙwayar roba ta fita. Da ɗigon mai biyu takan fitar da farin hayaki ta baya don ban tsoro. Ta goge ƙafafun kujerun falo duka, kuma kyanwar gidan ba ta taɓa yafe mata ba.

A shekararta ta uku ta faɗa kwata, fanel ɗin cikinta ya lalace. Mai Rediyo, aminin Safiyo tun suna aji ɗaya, shi ya zauna kwana tara ya haɗa mata wani da hannunsa, daga hanjin tsofaffin rediyoyi. Muryar da aka san ta da ita, aikinsa ce. Mai Rediyo yana da wata ɗabi'a: ba ruwansa da launin waya, wadda hannunsa ya fara taɓawa a gwangwani ita yake sawa. Sai dai wayar da ke ɗauko wuta daga batir, ita kullum yakan yi mata ƙulli ɗaya. Yakan ce launi na kamfani ne, ƙulli nasa ne.

Dorina ba ta yi jinya ba. Lafiyarta ƙalau ajali ya same ta. Wata Asabar ƙwayar roba ta fasa tabaran wani tsohon likitan haƙori daga cikin dattawan, kuma ba ma daga bakinta ta fita ba. Ƙungiyarsu ta zauna ta hana harbin ƙwaya. Daga yanzu sai harbin haske, irin wanda ido ba ya gani, na rimot ɗin talabijin: a sa fitila a bakin bindiga, a dasa wani ɗan ido kamar kan albasa a saman tanka, wadda haske ya sama sai ta tsaya cik. Tankar da ba ta da wannan ba za ta shiga fili ba. Bakwai suka juya zuwa sabon tsarin. Safiyo ya yi Asabar uku a kan benci yana riƙe wa mutane gorar ruwa, yana dariya a inda ya kamata. A ta huɗu ya sayo kayan.

Ranar Laraba Injiniya ya zo taya shi. Shi ne sakataren ƙungiya, kuma har yau ba wanda ya ga takardar da ta ba shi wannan suna. Da aka buɗe cikin marigayiya ya ga ƙulli a baƙar waya, sai ya yi tsaki. Ya ce ƙulli yana shaƙe wuta kamar yadda ake lanƙwasa tiyon ruwa, shi ya sa take tafiyar hawainiya. Ya ce ja da ja, baƙi da baƙi, haka yake duk duniya, ko yaro ya sani. Matar Safiyo, daga ƙofar kicin, ta ce wuta ba ruwa ba ce, kuma ƙullin da ya shekara goma sha ɗaya a wuri, a tambayi dalilinsa kafin a kwance. Ga mitar gwaji a durowa. Aka ce mata duk ƙungiya ta san ja da ja ake haɗawa. Abin da kowa ya sani kuwa, galibi shi ne abin da ba wanda ya gwada.

Safiyo ya dubi durowar. Ya san hannun da ya yi ƙullin, ya kusa tuna dalilinsa. Amma ɗauko mita a gaban baƙon da ya bar harkarsa ya zo taimako, kamar ce masa maƙaryaci ne. Mutumin da bai taɓa yarda da iyakar gona ba sai ya auna sau biyu, ranar kunya ta hana shi awo. Da yatsunsa ya kwance ƙullin, a hankali. Ya haɗa ja da ja. Ya sa batir.

Ba ta yi gyaran murya ba. Ta ce tsss, ta ce ɗas. Hayaki ya tashi, baƙi, ba na mai ba. Shi ne hayakin gaskiya na farko da ta taɓa fitarwa. Sabon idon bai ji komai ba, har yanzu yana ƙyafta jar fitilarsa.

Washegari Safiyo ya naɗe fanel ɗin a hankici ya kai wa Mai Rediyo, wanda yau shekara biyu yake gidan 'yarsa, ba ya gane kowa. Mai Rediyo ya karɓe shi da fara'ar da ake yi wa baƙon ciniki, ya ce ya dawo gobe, aiki ya yi yawa. Amma yatsunsa suka bi ƙonannen abin, suka tsallake jar waya, suka kama baƙar, suka yi mata ƙulli ɗaya. Ya miƙo masa. Safiyo ya yi godiya, ya tsaya a bakin titi har motoci uku suka wuce shi bai tsayar ba.

Injiniya ya kawo shawarar a kwashe cikinta a sa fanel na kanti. Safiyo ya ce wannan wata tanka ce sanye da rigar Dorina. An yi masa tayin aron wata tankar, ya ce a bar shi.

Ta rasu ta bar rimot ɗaya da sandarsa ta hagu ta suɗe, batir biyu cike da caji, rabin kwalbar ƙwayar roba da doka ta riga ta mayar marayu, da sabon ido wanda bai taɓa ganin fili ba. Ta bar kyanwa, wadda ta koma kwana a tsakiyar falo. Ta bar Safiyo, wanda tun Alhamis yake aske gemu, ya sa takalmi, ya zauna.

Za a yi mata sutura ranar Asabar da ƙarfe goma, lokacin da aka saba fara yaƙi. Za a goge sarƙoƙinta da tsohon buroshin haƙori, a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki, da ƙullinta yadda aka dawo da shi. Surukin gidan ne zai ɗora ta saman kabad, domin kafaɗar mai ita ba ta kai can yanzu. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da shawara. Injiniya yana iya zuwa, ya ajiye iliminsa a ƙofa tare da takalmansa. Wanda bai samu wannan Asabar ba kada ya damu. Zai tarar da Safiyo a gida ta gaba, da wadda ke bin ta.