Rasuwar Burushin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, maigidan nan, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya soma koyon zane da fentin mai bayan ya ajiye aiki, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Burushin Baba, wanda ya cika a ɗakin baya ranar Talata da hantsi, yana da shekara arba'in da ɗoriya.

Marigayin ya yi yawancin rayuwarsa a hannun Baba, surukin maigidan, mai zanen hotuna, wanda ya damƙa shi ga 'yarsa, matar maigidan, kafin ya bar duniya. Shi kaɗai ta riƙe daga kayan mahaifinta. A ƙotarsa akwai sawun haƙoran tsohon, domin yakan cije shi idan yana tunani. Bai taɓa zubar da ko silin gashi a kan zane ba, kuma muryarsa ba ta wuce "shaf, shaf" a kan yadi.

Da maiɗakin za ta tafi jinyar ƙanwarta, ta ara wa mijinta shi bisa sharaɗi guda: duk ranar da ya taɓa fenti, a goge shi da tsumma, a wanke shi da kananzir, sannan da sabulu. Maigidan ya amsa da to.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da yake zana sararin sama, aka yi sallama a ƙofa. Ya tsoma marigayin a gwangwanin ruwa, ya manta cewa fentin mai ba ya jin ruwa. Bayan kwana tara ya tarar da shi ya sandare kamar ƙusa. Cikin firgici ya dafa shi a tukunyar shayi. Gam ɗin da ke wuyansa ya narke, gashin ya taso saman ruwa sili-sili, shuɗi.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma dole a faɗa. Maigidan ya sayo sabo, ya goga ƙotarsa da yashi don ta tsufa, ya rufe ƙofa ya cije ta. Sai da ya duba sawun ya tuna Baba mai wushirya ne. Sawun nasa ba zai taɓa wucewa a matsayin na tsohon ba.

Marigayin ya bar fenti kala huɗu, da wuƙar gauraya, da allon haɗa launi, da tsumman da ba a taɓa ba, da kwalbar kananzir cike taf, wadda ke kallon maigidan duk inda ya juya.

An kwantar da gawar a kan tebur, gashin a cikin ambulan a gefenta. Ba za a binne ba sai mai shi ta gani. Motarta za ta iso Alhamis da yamma, kuma a ƙofar ɗakin baya za ta tarar da wannan takarda, domin bakin maigidan ba zai iya ba. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ya san ba za ta yi faɗa ba. Za ta ɗauki ƙotar ta shafa sawun haƙoran.

Ana roƙon masu ta'aziyya su riga ta isowa, kuma kada kowa ya yi saurin tashi.