Ba Ta Buƙatar Waya

Da laftof ɗina ya daina kama wayfay, na je Birnin Kudu na zaɓi adaftar kama wayfay mai ƙaho biyu, na raina ƙaramar mai kamar farce.

"Malam, wannan ba ta buƙatar waya," in ji mai shago.

Alhamdulillahi, ba sai na jona da wayata ba, na huta da sayen data! Ina isa garinmu Kwandiko na yi wa 'yan majalisarmu albishir da intanet kyauta. Na jona, na miƙe ƙahonin, har katanga na hau. Shiru.

A gabansu na kira mai shagon, ina faɗa.

"Kebul nake nufi, Malam, ba wayar hannu ba."

Har yau in na doso majalisa, sai su kafa yatsu biyu a ka: "Mai Ƙaho, sabis ya sauka?"