Kyawun Rubutun Yallaɓai

Wanda bai ga rubutun Yallaɓai Sarkin Sulhu ba, bai san abin da ake kira ilimi ba. Shi ne babban ɗan sanda a ofishin unguwarmu. Alƙaluma uku ne a aljihunsa: baƙi na talakawa, shuɗi na manya, ja na sa hannu. In zai buga hatimi sai ya hura masa iska tukuna, kamar uwa mai hura wa jariri abinci. A bangon bayansa akwai takardar yabo, wai ofishinsa ya fi ko'ina ƙarancin ƙararraki. Dole ya fi. Ƙara takan shiga wurinsa da ƙafarta, ta fito sunanta “rashin fahimta”.

Aminiyata ce ta kai ni gabansa. Shekara tara keken ɗinkinta yana kusa da nawa. Takan riƙe allura a baki tana ba ni labari, in ce za ki haɗiye, ta ce ai sai ki gaji almakashina. Wani mutum ya taɓa kawo mata wando ta rage masa tsawo. Shi ke nan fa. Wata bakwai yana tsaye jikin turken lantarki yana kallon shagonmu. Ta canza lambar waya sau uku, saƙo bai fasa zuwa ba: “Mayafin yau ya fi na jiya.”

“Ya taɓa ki?” in ji Yallaɓai.

“A'a, ranka ya daɗe. Amma ina jin tsoro.”

Ya jingina har kujera ta yi ƙara. “'Yata, shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ban ga sashen dokar da ya hana mutum tsayuwa ba. Titi na hukuma ne, ido kuma nasa ne. Wasu matan roƙo suke yi a kalle su.” Ya yi dariya, ƙananan 'yan sanda suka taya shi, don dariyar Yallaɓai ma umarni ce.

Da muka koma, aka ce ya tafi taron kare haƙƙin mata. Da muka sake komawa, ya nuna mana hotonsa a taron.

Sai ta gudu. Ta bar shago, ta koma gidan gwaggonta can ƙarshen gari. Daga ni sai mahaifiyarta muka sani. Mako biyar tana cikin kwanciyar hankali, har kumatu ta yi, ta ce in kawo mata kekenta.

A lokacin ne aka ce manya za su zo duba ofis, Yallaɓai kuwa ba ya barin fayil a buɗe. Ya aika wa mahaifiyarta a turo ta. Muka shiga, sai ga mutumin zaune a benci.

“Ni ba na kulle mutane, gyara su nake yi,” in ji Yallaɓai. “Zai sa hannu ba zai ƙara zuwa inda kike ba. Ina kike zaune yanzu?”

Na ce, “Yallaɓai, don girman Allah, ba a gabansa ba.”

“Malama, kin fi ni sanin aiki ne? Ta yaya mutum zai guji wurin da bai sani ba?”

Ta rubuta a 'yar takarda, ta ninke, ta miƙa masa. Yallaɓai ya kwafe tsaf cikin takardar alkawari: layi, lambar gida, har ya tambayi launin ƙyaure ya ƙara, don shi ba ya aikin ha'inci. Ya hura hatimi, ya buga. Kwafi uku: na fayil, nata, na mutumin. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

“Kun gani? Mutum mai ladabi.”

Muna cikin neman mata wani wurin, kwana shida ke nan, ta fito shanya da safe. Sauran ba zan iya rubutawa ba. Ban kai mata keken ba. Yana nan kusa da nawa, da zaren da ta bari a jiki, ni kuma na kasa cirewa.

Yallaɓai ya zo gaisuwar rasuwarta da alƙalumansa uku. Ya gyara murya a gaban mahaifiyarta: “Ofishina ya yi duk abin da doka ta tanada. Kowa ya je ya duba fayil ɗin, babu kuskure ko ɗaya.”

Gaskiya ya faɗa. A aljihun mutumin aka sami takardar. Maƙwabta sun ce bai tambayi kowa hanya ba.