Aron Likkafanin Indo

"...da gajiya kuma, amarya? Ina ƙafar? Ina barcin rana?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta bara. Kai maigidan banza, gaisuwar nan ta yi tsawo. Ruwa ba ya tsami banza, faɗi abin da ya kawo ka."

Indo ce ke magana, tsohuwar nan ta Zermu da ba a cin ta da baki. Tana zaune gindin dalbejiyar tsakar gida, mazari a hannu, rabinta a farke rabinta a wata duniyar. Wanda ya durƙusa gabanta kuwa jikanta ne Mahamud, wanda ya gama lakkwal, wato makarantar boko, a Damagaram ya ƙi aikin biro, ya rungumi kamera. A makon nan ake bikin finafinan Afirka a birni, an zo daga ƙasashe iri-iri, aka ce yau za a fito da majigi ƙauye, kuma Zermu aka zaɓa saboda fim ɗin Mahamud a nan aka ɗauke shi. To Allah da ikonsa, farin allon da aka ɗauro bisa mota sai reshen ƙaya ya kama shi a hanya, ya tsarge shi gida uku. Masu bikin suka ce in magariba ta yi ba a sami abin haskawa ba, za a juya da mota, gobe kuma ƙauyen Tirmini ke da rana. Shi ke nan Zermu ba za ta ga ɗanta ba.

"Wallahi kewarki ce ta kawo ni," in ji Mahamud.

"Kewata? Da jaka a kafaɗa da zufa har wuya? In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

"To tunda kin ce kare, bari in yi haushi. Farin ƙyalle nake nema, babba."

"Tafi gidan Fanta, tana da zannuwan gado."

"Na je. Duk furanni ne. In aka haska mutum a kai sai ya fito kamar mai ƙyanda."

"Bangon lakkwal fa?"

"Rawaya ne, kuma an zana taswira a jikinsa."

"Rawanin mai gari?"

"Haba amarya, so kike a kore ni daga gari in bar ki ba miji?"

"Da na huta. Miji ba cefane, ba sabulu, sai ɗaukar hoton awaki."

Mahamud ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya ɗan saci kallon ƙofar ɗakinta. Indo ta bi idonsa, sai mazarin ya tsaya cak. Ai ta gane. A cikin ɗakin nan, ƙasan adudu, akwai farin saƙi da ita ta kaɗa zarensa da hannunta damina shida, masaƙin Mirya ya saƙa, aka haɗa shi ƙwarya-ƙwarya har ya yi faɗin bangon ɗaki. Ba a yanka shi ba tukuna. Ranar yankansa ba za ta gani ba.

"La ilaha illallahu! Likkafanina?"

"Aro ne fa."

"Ja'iri ɗan nema! Kun gaji da jiran gumbata, shi ne kuka biyo ta bayan gida? Wato ku fara da likkafanin, ni in biyo baya?"

"Ke ce kika ƙi tafiya. Tun ina ɗan lakkwal kike cewa bana ce ta ƙarshe. Mu jikoki har mun rame da kwaɗayin gumba. Turmin ma ya gaji da jira."

"Ka mutu kai, in daka taka. Na ga ƙirjin naka kamar na fara."

"In na mutu wa zai aure ki? Haƙori biyu, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Zawarawana har Zango."

"Na san su. Ɗaya makaho, ɗaya kuma ya ɗauka gidan mai ƙosai ne."

Indo ta kai masa duka da sandar auduga, ya goce. Ta so ta yi dariya, ta danne. Abin da ke ranta daban ne, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta Nomau, kuma kusan kullum sai ta yi mafarkinsa. Kullum mafarki ɗaya: ga shi can cikin gero, yana tafiya, hauya a kafaɗa, ganye na buɗe masa hanya yana rufewa. Tana kira, ba ya waiwayowa. Ƙeyarsa kawai take gani. Tun tana iya kawo fuskarsa da rana in ta rufe ido, har abin ya fara dushewa, yau hanci ya ɓace, gobe goshi. Mutumin da ta yi shekara hamsin da ɗaya tana kai wa fura! Wannan abu yana cin ta, yana ba ta kunya, yana ba ta tsoro.

"Wai me ma za a haska a kai?" ta tambaya, kamar ba ta damu ba.

"Uku ne yau. Na farko daga Senegal, wata mata ce mai kamun kifi a teku."

"Teku? A kan ƙyallena? Ka jiƙa mini shi da ruwan gishiri in shiga kabari ina ƙarni?"

"Haske ne kawai, ba ya jiƙa komai. Ba ke ce kike shanya shi a rana duk shekara ba? Rana ta taɓa bar masa tabo?"

"Rana ta Allah ce."

"Wannan ma hasken ba na Shaiɗan ba ne, na batir ne."

"Uhm. Ni da ban taɓa wuce Damagaram ba, likkafanina zai riga ni ganin teku. Kowa ya daɗe zai ga daɗau. Na biyun fa?"

"Daga Kwango. Wasu makaɗa ne da ke kiɗa da gwangwanaye."

"A'a! Rawa a kan likkafanina? Mala'iku su zo tambaya su tarar ƙyalle yana girgiza?"

"Sai ki ce musu ba ke ba ce, mutanen Kwango ne."

"Allah ya shirye ka. Na ukun?"

Mahamud ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jakarsa.

"Na ukun nawa ne. Wanda na ɗauki Kaka Nomau a gona, daminarsa ta ƙarshe. Wanda kika ƙi kallo."

Ƙwarai ta ƙi. Sau uku yana miƙo mata waya, sau uku tana kawar da kai. Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga zaure, a ce ta gan shi kamar ɗan yatsa cikin gilashi? Ta ce ba da ita ba.

"Na ce maka ba na son ganin Malam an matse shi kamar ƙwaro a kwalba."

"Shi ya sa nake son babban ƙyalle. A kansa da tsawonsa zai fito."

"Ƙarya kake."

"Gani ya kori ji. Majigin yana cikin jakar nan. Ki ba ni ɗakinki da ƙyallen, minti biyar. In ƙarya na yi, na sake ki saki uku, ki auri mai neman ƙosai."

"In gaskiya ne fa?"

"Ki biya ni sadakina da kika cinye."

"Wane sadaki? Goro ɗaya, shi ma da tsutsa."

Ta ajiye mazarinta. Sannan ta dafa ƙasa, ta dafa kafaɗarsa, ta miƙe tana cewa wash. Ita da kanta ta buɗe adudun, ba ta bari ya sa hannu ba. Ƙamshin kajiji da ta ajiye a ciki ya cika ɗakin. Ta yi bisimilla, ta warware ƙyallen, ta ce ya wanke hannu tukuna, har gwiwar hannu. Suka rataye shi a igiyar da take rataye zannuwa, ya sauko daga kusa da rufi har ƙasa. Mahamud ya saki asabarin ƙofa, ya toshe taga da tsohon buhu. Ɗakin ya yi duhu, sai zaren rana ɗaya da ya ratso ta rufin.

"Kada ka ƙona mini shi."

"In ya ƙone na naɗe ki da zanen Fanta mai furanni."

"Ka ga Annabi, ka rufa mini baki."

Ya danna. Sai ga gero.

Gero kore shar, ya cika ƙyallen daga wannan gefe zuwa wancan, yana kaɗawa a hankali, kuma duk inda ɗinkin ƙwarya ya bi sai ka ga kamar kunyar gona ce. Kukan kurciya ya fito daga cikin jakar yaron. Indo ta zauna bakin gado. Ga shi nan. Hauya a kafaɗa, tsohuwar rigarsa mai facin da ita ta yi, da tsawonsa, har hularsa na taɓa igiya. Yana tafiya, ganye na buɗewa yana rufewa. Ƙeyarsa.

Mafarkin ne sak. Har ta buɗe baki za ta ce a kashe, ta san ƙarshensa, ta gaji da shi. Sai can daga gefen da ba a gani aka ji wata murya siririya mai tsiwa tana cewa, "Kai Malam, furar nan ni zan sha ko kai?"

Muryarta ce. Ta manta sam cewa ranar ta bi su gona.

Nomau ya tsaya. Ya waiwayo.

Wayyo, ashe haka girar take, mai furfura a gefe ɗaya. Ashe ga ɗan tabon nan na ƙaya a kumatu. Ga wushiryar. Ya dube ta, ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, sai kafaɗu ke rawa, ya sauke hauya ya nufo ta. Fuskarsa ta yi ta girma a kan zaren da ta kaɗa, har ta cika ƙyallen.

Indo ba ta san ta miƙe ba. Ta taka ta sa tafin hannu a kumatunsa, sai hasken ya hau bayan hannunta, tabon ƙayar ya zauna a kan yatsunta. Ta tsaya haka. Hawaye na bin tamojin fuskarta, ba ta share ba.

Mahamud ya tsayar da hoton. Shi ma ya goge ido a ɓoye, amma jika jika ne.

"To, a gabana? Ina tsaye da raina kike shafa wani namiji?"

Ta ja hanci. "Rufe mana baki. Wannan shi ne miji, kai ɗan rakiya ne."

"Ai shi ke nan, na yi fushi. A sauke ƙyalle, a mayar adudu, mota ta koma birni."

"Wa zai sauke? Maido shi baya, inda ya waiwayo."

Ya maido. Ta ce a sake. Ya sake. Sai a na huɗu ta koma ta zauna, tana gyaɗa kai kamar mai bitar karatu, gira, tabo, wushirya, tana ajiye kowanne inda ba zai sake ɓata ba. Daga waje aka ji mota ta yi oda sau biyu. Rana ta sunkuya, inuwar dalbejiya ta kai bakin ƙofa.

"Amarya," in ji Mahamud a hankali, "suna jira."

"Su jira. Saurara, sharaɗina uku. Na ɗaya, tabarmata a gaba, gaban mai gari ma."

"An yi."

"Na biyu, in mutanen gwangwani sun fara rawa, ka rage musu sauti. Ƙyallen mutunci ne."

"Zan gaya musu su taka a hankali."

"Kuma Malam ne zai zo ƙarshe. Kada ka sa kowa bayansa, ko mai kifi ko mai gwangwani."

"Dama haka aka tsara. Na ukun ke nan?"

"A'a, wannan gyara ne. Ga na ukun." Ta kama hannunsa ta matse, da ƙarfin da bai san tana da shi ba. "In an gama, kada ka wanke shi. Kada ka kakkaɓe shi ma. Yadda Malam ya waiwayo ɗin nan, a nan za ka kashe, ka ninke mini shi a haka, ka kawo."

Mahamud ya buɗe baki zai ce haske ne kawai, ba ya zama a ƙyalle. Ya dubi fuskarta, ya haɗiye maganar.

"Na ji, Kaka," ya ce. Rabon da ya kira ta haka tun yana ƙarami.

Ita ta sauke ƙyallen, ta ninke, ta ɗora masa a hannu biyu. Har ya kai zaure sai halinsa ya motsa, ya leƙo.

"To gumbar fa? Yaushe?"

Indo ta ƙyalƙyale da dariya, haƙoran nan biyu a waje, tana goge ido da bakin zane.

"Ka gaya wa 'yan'uwanka su sha ruwa. Mutumin da ya yi shekara biyu yana ba ni ƙeya, yau ya waiwayo, kuma ka ce in yi sauri? Sai na gama kallonsa tukuna. Ungo goro, na biya sadakinka. Wuce ka ɗaure ƙyallen da kyau, kada iska ta karkata masa hula."